Motar Dogo

Jiya na ji ɗayanku yana cewa dillancin mota ba sana'a ba ce, waya ce kawai da zaƙin baki. Na dai ci gaba da shan shayina. Yau ga ku nan kun zo da tambaya. Wani Bature a unguwar Ma'adi ta nan Alƙahira ya ce ku nemo masa mota ta hannu mai dogon baya, irin wadda a gida muke kira wagon, Misirawa kuma suke ce mata istishan, don yana da manyan karnuka biyu. Har kun tura masa hotunan motoci ta waya. Da na tambaye ku tsawon karnukan, sai kuka kalli juna kuka fashe da dariya. To ku zauna, ku ajiye wayoyin nan. Masu shiga motar ba ku gan su ba, amma har kun fara ciniki.

Ni ma karatu na zo yi Alƙahira, daga Gumel, da tallafi irin naku. Nahawu ya kayar da ni sau biyu, tallafin ya yanke, kunya ta hana ni komawa gida hannu rabbana. A masallaci na haɗu da Baba Tukur. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Gadarif. Kakansa ya baro Katagum a ƙafa zai je aikin Hajji, hanya ta riƙe shi a can. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda na bar kakata tana yi, sai dai ya cakuɗa ta da Larabcin Sudan, irin su "ya zol", wato "kai mutum", da "kwayyis", wato "da kyau". Yana hayar ɗan fili a bayan Ma'adi, kusa da layin jirgin ƙasa na metro, ƙarƙashin wata babbar bishiya, inda mota bakwai ke tsayawa in an matsa. Da gemuna da komai na shiga hannunsa, kuma na yi shekara uku ban sa baki a ciniki ko ɗaya ba. Aikina wanki, da riƙe tocila, da kasa kunne.

Kayan aikin Baba duka a wata tsohuwar jakar buhu suke, ga ta nan a gefena. Akwai maganaɗisu na bin jikin mota. Inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne, an yi haɗari ne aka cike wurin aka shafe da fenti. Akwai tocila ta leƙa ƙarƙashi da ramin safaya. Akwai farin ƙyalle, wanda za ku ji amfaninsa nan gaba. Sai igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli tsawon wani kare ne da muka taɓa aunawa. Na ƙarshe ba ya shiga jaka, shi ne hanci. Baba yakan buɗe ƙofar mota ya sa kai ya rufe ido. In ya ji ƙamshin turare, sai ya mayar da ƙofar a hankali ya ce, "Yalla, mu tafi. Motar da aka turara, akwai abin da take ɓoyewa." Ko warin fetur, ko ruwan da ya kwana ƙarƙashin kafet, ko hayaƙi. Wannan karatun tun shekarar farko na haddace shi. Ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Wata Juma'a a kasuwar motoci ta Madinat Nasr na ga wata istishan fara sol tana sheƙi, na ja hannun Baba kamar na tsinci zinariya. Ko injin bai buɗe ba. Ya je baya ya danna ta da tafin hannu biyu ya saki, motar ta yi ta rawa kamar kwale-kwale. Ya ɗaga kafet ya nuna mini huji huɗu a daɓe, inda aka taɓa ɗaure benci na uku. Ya nuna mini marikin ƙofofin baya, sun yi sumul saboda yawan hannu. Motar lodin fasinja ce, ta yi shekaru tana ɗaukar mutum bakwai da buhunansu tsakanin garuruwa, aka yi mata wanka aka kawo ta. Irin wannan in ka ɗora mata manyan karnuka biyu, bayanta zai riƙa goge ƙasa a kowane tudu.

Kuna iya tambaya me ya haɗa Bahaushe da karnuka. Ma'adi ce ta haɗa mu. A lokacin unguwar cike take da baƙi, malaman makarantu da ma'aikatan kamfanoni, kusan kowane gida da karensa, wani kamar ɗan maraƙi. Dillalan Masar da yawa ba sa son kare ya raɓe su, don a wurinsu in yawunsa ya taɓa riga sai an wanke kafin sallah. Mu kuwa littattafan da muka tashi da su sun ce kare mai rai ba najasa ba ne. Baba ya ga ƙofa a nan, ya shiga. Sai dai abin da littafi ya faɗa daban, abin da jikin Bahaushe ya yarda da shi daban. Ni dai ko daga nesa na hango kare sai na tattare riga. Baba ya yi ta yi mini dariya yana cewa, "Malam Sabo, kai ka karanta babin, ƙafafunka ne ba su karanta ba."

Cinikin da nake so ku ji mun yi shi a farkon shekarar 2011, ana sanyi. Mai sayen malamin makaranta ne, Hawaja Martin. Hawaja, haka Misirawa ke kiran Bature. Ya zo fili da karensa, baƙi wuluk mai farin ƙirji, kansa ya kai ƙuguna. Ya faɗi sunansa, wani abu kamar Hugo, kunnena kuwa ya ji Dogo. Sunan ya dace da shi, ya kuma bi shi. Baba ya miƙo mini igiya ya ce in auna. Na tsaya taku uku daga karen ina ƙiyasi da ido. Baba ya ce, "Ya zol, gona kake aunawa?" Ya karɓi igiyar, ya durƙusa, ya bari karen ya shinshina hannunsa, sannan ya jira har ya kwanta ya miƙe. Daga hanci zuwa gindin wutsiya, ya yi ƙulli. Kare a kwance ake auna shi, don a kwance zai yi tafiya. Bayan haka a sake auna shi a zaune, daga ƙasa zuwa saman kai, saboda rufi.

Mota uku muka nuna masa. Ta farko ita ce mafi kyau a ido, har Hawaja ya fara shafa ta. Amma rufinta ya sunkuyo ta baya, bakin but ɗinta kuma ya yi tudu. Dogo ya ɗora ƙafafun gaba, ya leƙa, ya sauko. Baba ya ce karen shekararsa shida, nan da shekara biyu ƙugunsa zai fara ciwo, manyan nan haka suke. Wa zai riƙa cicciɓarsa safe da yamma? Ku nemi wadda bakin but ɗinta yake ƙasa-ƙasa, daidai da daɓen ciki, bayanta kuma a miƙe kamar akwati.

Ta biyu daga Iskandariyya aka kawo ta. Motar bakin teku ku yi hattara da ita, iskar gishiri tana cin ta ta ƙasa. Na ɗaga kafet na haska ramin safaya, na ga tsatsa ta fara huda shi. Na nuna wa Baba. Ya ɗan jiƙa farin ƙyallen nan, ya ɗaure shi a cikin but kusa da robar ƙofar baya, ya rufe gilasai duka, muka zaga titin bakin kogi da ake kira Kornish muka dawo. Ƙyallen ya fito da toka-toka a gefe. Wannan ita ce cutar istishan. Hayaƙin salansa yana murɗawa a bayan mota, in robar ƙofa ta mutu ko akwai huji, sai ya shigo ciki. Kai kana gaba kana jin rediyo ba ka san komai ba. Wanda ke kwance a baya shi ke shaƙa, kuma ba shi da bakin gaya maka.

Ta uku tsohuwa ce, koriya, fentinta ya koɗe. Injin lafiya lau, sifirin baya a tsaye, ƙyalle ya dawo fari. Baba ya kunna esi ya sa ni na kwanta a but, ni da gemuna, in gaya masa ko sanyi yana isowa. Yana isowa. Kada ku raina wannan, zafin garin nan yana iya kashe babban kare a cikin cunkoso kafin ku kai Giza. Na fito, aka kira Dogo. Ya shiga ba tare da an tura shi ba, ya juya sau biyu, ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya sauke wani dogon numfashi.

Baba ya ce, "Khalas, an gama. Mai mota ya saya."

Hawaja ya ce ai shi ko farashi bai ji ba. Baba ya ce masa da Larabci, "Kai ai direba ne kawai, ya Hawaja."

Ba a yi wata guda ba gari ya rikice da zanga-zangar juyin juya hali. Kun san shekarar, wasunku suna gida suna gani a talabijin. Baƙin Ma'adi suka yi ta tururuwa zuwa filin jirgi. Wata safiya sai ga Hawaja Martin a fili da motar, Dogo a baya. An ce su fice cikin kwana biyu, jirgin kuma ba zai ɗauki kare mai wannan girman ba. Takardun motar ma ba mu gama juya su zuwa sunansa ba. Ya danƙa mini makulli ya ce da Larabcinsa mai ɗingishi, "Sati biyu, Ustaz Sabo. Sati biyu in dawo."

Dogo ya gane. Ya sauko daga motar ya manne da ƙafarsa, duk inda ya juya yana nan. Taksi yana bakin titi yana ta hon. Sai Hawaja ya tuɓe rigar sanyin da ke jikinsa, wata ruwan ƙasa mai yagaggen hannu, ya shimfiɗa a but. Karen ya shiga ya shinshina, ya kwanta a kanta. Hawaja ya shafa kansa, ya zaga ta gaban mota kamar zai shiga mazaunin direba, ya bi ta bayan bishiya ya fice. Ina tsaye ina kallo. A raina na ce wannan ai yaudara ce, ko da dabba aka yi wa.

Sati biyu ya zama shekara biyu da rabi.

A wannan tsakanin sana'a ta mutu a tsaye. Kowa mai sayarwa ne, babu mai saye. Motocin da muka sayar da hannunmu suka riƙa dawo mana ɗaya bayan ɗaya, da gashin kare a kafet, masu su sun tafi. A kasuwar Juma'a sai ka wuni a rana ba wanda ya ce maka nawa. Baba da tsufansa ya koma zuwa kasuwar Ataba yana saro rigunan kujera da ƙananan fitilu, muna sayar wa direbobin taksi. Wake da safe, wake da rana. Matata har ta koyi dafa shi kala huɗu don kada yara su gane abu ɗaya ne.

Dogo kuwa ya mai da motar gida. Muka bar masa ƙofar baya a buɗe ƙarƙashin bishiya. Ya fita ya yi abin da zai yi, ya sha ruwa, ya koma kan rigar nan. Kwana biyar na farko bai ci komai ba. Ni ke kawo masa ƙafafun kaji da busasshen burodi, in zuba a kwano in tura masa da sanda. Ɗaliban lokacin suka sa mini suna Malam Sabo mai kare. Wani har ya zo da littafi ya karanta mini hukuncin ajiye kare. Baba ya ce masa na gadi ne, na gadi kuwa ya halatta. Gaskiya dai Dogo bai taɓa yi wa kowa haushi ba. Ranar da aka sace mana batir biyu, ina jin wutsiya ya kaɗa wa ɓarawon.

Ban san ranar da na ajiye sandar ba. Na dai tsinci kaina wata rana zaune a bakin but, kansa a kan cinyata, ina cire masa kaska a kunne. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan tayar da motar in zaga da shi Kornish. Na gaya wa Baba don kada batir ya mutu ne. Baba ya ce, "Kwayyis. Batirin ma na ga har ya fara ƙiba." In mun hau hanya Dogo yakan zauna ya sa hanci a ɗan buɗin gilashi, duk Baturen da muka wuce ya bi shi da kallo har ya ɓace. Ta madubi nake ganinsa. In na yi masa Hausa sai ya karkata kai. Ya san "zo", ya san "kwanta", ya san "bari".

A 2013, lokacin da gari ya sake ɗaukar zafi, komai ya faɗo mana a wata ɗaya. Hawaja ya aiko da saƙo cewa ba zai dawo ba, matarsa ba lafiya, ɗakin da suke ciki kuma ko kyanwa ba zai ɗauka ba. A sayar da motar, a nema wa karen gidan kirki. Mai filinmu ya ce zai gina bene, ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Baba kuma idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa suka matsa ya koma Gadarif. Ni ina hawa na biyar a ɗaki biyu da mata da yara, mai gidan kuwa ko tsuntsu a keji ba ya yarda da shi. In wata ya ƙare ba a samu gida ba, titi ne ya rage wa Dogo. Tsohon karen gida mai ciwon ƙugu ba ya sati a titin Alƙahira. Ko karnukan unguwa su yayyaga shi, ko ya ci naman da aka sa wa guba.

Muka ce duk mai son motar sai ya ɗauki karen. Ba sayar da shi muke yi ba, amana ce ke bin mota. Masu saye suka zo, galibinsu masu son su sa benci su yi lodin fasinja. Wani ya ce ya yarda, zai ɗauka. Baba ya tambaye shi me kare yake ci. Ya ce, "Ai komai." Baba ya ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, motar ba rabonsa ba ce. Da ya tafi ya ce mini, "Wannan a gadar farko zai buɗe masa ƙofa."

Saura kwana shida sai ga waya daga wata mata, Daktora Nadiya, likitar yara da ta yi ritaya. Tana da gida mai lambu a bayan Giza. Manyan karnuka biyu gare ta, ɗaya ya mutu, ɗayar ta daina cin abinci. Motarta ƙarama ce, istishan take nema. Da na gaya mata sharaɗinmu sai ta ce, "Ni ma ina da nawa sharaɗin, ya Ustaz. In ya shiga motar da kansa, na ɗauka. Ba na jan kare da ƙarfi." Muka sa Alhamis bayan la'asar.

Ranar Laraba na tsaya na dubi motar da idon baƙo, kunya ta kama ni. Shekara biyu da rabi kare yana kwana a ciki. Gashi ko'ina, gilashi duk shatin hanci, ga wari wanda ni na daina ji amma na san yana nan. Babbar mace za ta zo, likita, kuma ita ce damarmu ta ƙarshe. A gidanmu in za a yi baƙo na girma, shara ake yi a turara ɗaki. Washegari da safe Baba ya tafi asibitin ido, ni kuma na iso da kasko da turaren wutan matata, mai kyan nan da take ɓoyewa sai Sallah. Na ɗaure Dogo a gindin bishiya. Na fitar da kafet na wanke da sabulu, na goge gilasai. Rigar Hawaja ta riga ta zama tsumma, na ɗauke ta da yatsa biyu na jefa a kwandon shara, mai shara kuwa ya kwashe kafin azahar. Sannan na hura gawayi, na ajiye kaskon a tsakiyar but, na rufe ƙofofi, na bar shi awa guda. Ko sau ɗaya karatun Baba bai faɗo mini a rai ba. A tunanina dokar turare ta mai saye ce, ni kuwa ba abin da nake ɓoyewa.

Baba ya dawo da auduga a ido ɗaya. Tun daga bakin fili ya tsaya ya ɗaga hanci.

"Malam Sabo, me ka yi?"

"Gyara na yi, Baba. Baƙuwa za mu yi."

"Ina rigar?"

Na nuna masa kwandon, wayam. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya nemi benci ya zauna ya ce, "Allah ya kyauta."

Daktora ta iso a taksi, gajeriyar dattijuwa mai tabarau. Ta leƙa motar ta ce, "Biki kuka yi a ciki?" Sannan ta je gindin bishiya ta durƙusa, ta miƙa wa Dogo bayan hannu kamar yadda Baba ke yi. Ya shinshina, ya kaɗa wutsiya. Na ji sanyi a raina. Na kwance shi, na buɗe ƙofar baya, na ce, "Dogo, zo."

Ya zo. Ya sa hanci a bakin but, ya yi atishawa, ya ja da baya. Ya zaga motar yana shinshina kowace ƙofa da kowace taya, ya dawo ya sake leƙawa, sannan ya juyo ya dube ni. Ya yi wani siririn kuka da rabona da jinsa tun makon farko. A nan na gane ba mota ce ta riƙe shi shekara biyu da rabi ba. Maigidansa ne yake ji a ciki, ni kuma na kore shi da kasko ɗaya.

Muka gwada ƙafar kaza. Muka buɗe ƙofofi duka don iska ta shiga. Daktora da kanta ta hau but ta zauna ta kira shi. Ya ƙi. Ya dawo ya kwanta a kan takalmana da duk nauyinsa. Lokacin akwai dokar hana fita da yamma, ga hanyarta da nisa. Ta dubi agogo sau biyu, ta ce, "Ma'alish, ya Ustaz. Na gaya maka sharaɗina."

Sai Baba ya kira ni da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Sabo." Tunda muke bai taɓa kirana babu Malam ba. "Tuɓe rigarka."

"Na'am, Baba?"

"Wadda ka wuni kana gumi a cikinta. Tuɓe ka shimfiɗa masa."

Na ce, "Baba, ai ba ni yake jira ba."

"Dubi ƙafarka, ya zol."

Na zare ƙafata daga ƙarƙashinsa da ƙyar. Na tuɓe jallabiyar, wata shuɗiya da aka aiko mini daga Gumel, na tsaya daga ni sai singileti da wando a gaban matar mutane. Na shimfiɗa ta a but. Dogo ya tashi, ya sa hanci, ya daɗe yana shinshinawa. Ya ɗora ƙafafun gaba, ƙugun ya ƙi, na tallafa masa ta baya. Ya juya sau biyu, ya kwanta a kan rigar, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya sauke numfashin nan. Wannan karon babu wanda ya ce khalas.

Daktora ta karɓi makulli. Dogo ya ɗago kai yana kallona, yana jira in zaga in shiga mazaunin direba kamar kowace Juma'a. Na san abin yi, don na taɓa ganin an yi. Na shafa kansa, na rufe ƙofar, na zaga ta gaban mota, na wuce bayan bishiya. Daga nan na ji an tayar. Na kasa daurewa, na leƙo. Yana zaune, hancinsa manne da gilashin da na goge da safe, yana duba dama da hagu. Abin da na kira yaudara na yi shi da hannuna, kuma sai a ranar na yafe wa Hawaja Martin.

Bayan wata guda Daktora ta kira ni. Ta ce yana cin abinci, karyarta ma ta fara ci. Sai ta ce, "Ya Ustaz, me kuke yi ranar Juma'a? Da zarar ya ji an sallame a masallacin unguwa, sai ya je ya zauna a bayan mota." Na gaya mata. Ta ce za ta riƙa zagawa da shi. Na tambaye ta ko zan iya zuwa in gan shi. Ta ce, "Don Allah kada ka zo. In ya gan ka, mun koma farko." Gaskiya ta faɗa, ban je ba. Giza ga ta nan, metro ɗaya da ƙaramar bas, amma ta fi mini Gumel nisa.

Baba yana Gadarif, idon bai dawo ba. In mun yi waya, kafin ya tambayi iyalina sai ya ce, "Ya batir?" Filin ya zama bene hawa tara, an sare bishiyar. Ina kewar wurin, ina kewar tsohon nan, kuma ba na jin kunyar gaya muku ina kewar kare.

To, ga jakar. Gobe ku je gidan Baturen nan kafin ku ƙara tura masa hoto ko ɗaya. Tunda biyu ne, ku auna su a kwance kafaɗa da kafaɗa, manyan karnuka ba sa hawa kan juna. Ku gaya masa ya sa raga ta ƙarfe tsakanin but da kujeru, don in ya taka birki da ƙarfi kada su faɗo masa a wuya. Ku danna bayan mota, ku ɗaga kafet, ku ɗaura ƙyalle, ɗayanku ya kwanta a baya ya ji esi. Wadda kuka ji ƙamshi a cikinta ku wuce, taku kuma kada ku turara. Ranar ciniki ku bar karnukan su yanke. Igiyar ku yi sabon ƙulli a inda kuke so, amma wannan da ya yi baƙi saboda yawan taɓawa, kada wanda ya kwance shi.

Abu ɗaya ne Baba bai koya mini ba, ni kuwa zan koya muku. In kun gama awo, ku tashi. Kada ku zauna har ya ɗora muku kai a cinya. Ni har yau in koriyar istishan ta wuce ni a Kornish, ba fenti nake dubawa ba, ba taya ba. Gilashin baya nake kallo.